Tsinkayen Haske a Hotunan Taurari: Tambayoyi da Amsoshi

Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a Jos. Tun watan Yulin 2022, da hotunan farko na na'urar hangen nesa ta James Webb suka fito, tambaya ɗaya ke ta dawo mini ta bakuna daban-daban: wai mene ne waɗannan dogayen layukan da ke fitowa daga jikin taurari? Ɗalibai sun yi ta, iyayensu sun yi ta, har a majalisarmu ta bayan la'asar a Titin Bauchi an sha miƙo mini waya a ce, "Malam, duba mana wannan." Na saba kiransu tsinkayen haske, don sun yi kama da tsinken tsire. Ga tambayoyin da suka fi yawa, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Inda wata amsa ta jingina da wata, na nuna lambarta.

1. Da gaske taurari suna da tsinkaye haka?

A'a. Tauraro dunƙulalle ne, ƙaton ƙwallon iskar gas mai tsananin zafi. Ita kanta rana tauraruwa ce, kusancinta ne kawai ya sa muke ganin faɗinta. Tsinkayen a cikin na'urar ake haifarsu, bayan hasken ya gama doguwar tafiyarsa ya iso bakin madubi.

Hujjar ba ta da wuyar samu. Akwai wani wuri a sama da ake kira Ginshiƙan Halitta, mai nisan tafiyar haske ta kimanin shekara 6,500. Na'urar hangen nesa ta Hubble, wadda kamar Webb a sararin sama take, ta ɗauke shi a 1995 da kuma 2014, Webb ta ɗauke shi a 2022. Jera hotunan, ka nemi tauraro ɗaya mai haske a cikinsu: a na Hubble tsinke huɗu gare shi, a na Webb takwas. Tauraron bai canza ba, mai ɗaukar hoton ne ya canza.

2. To mene ne ke haifar da su a cikin na'urar?

Haske yana tafiya kamar igiyar ruwa, kuma duk igiyar da ta gogi gefen wani abu ba ta wucewa sak, sai wani kaso nata ya karkata ya bazu. Wanda ya taɓa zama a bakin ɗaya daga cikin kududdufan da haƙar kuza ta bari a Rayfield ya ga haka da idonsa. Ka jefa tsakuwa, igiya ta taso a zagaye, ta iske wani dutse da ya leƙo saman ruwa, sai ka ga ta naɗe ta bayansa ta haɗu da 'yar'uwarta da ta biyo ta ɗaya gefen. Inda tudu ya gamu da tudu ruwa ya ƙara tashi, inda tudu ya gamu da kwari sai su kashe juna, wurin ya kwanta luf. Da irin wannan karkatar ce kiran salla ke iske ka a bayan katanga, ko da ba ka ganin lasifikar.

Igiyar haske ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kaurin gashin kai ɗaya ya ninka tsawonta kimanin sau 100, shi ya sa ba mu cika lura da karkatarta ba. Amma na'urar hangen nesa aikinta ke nan tara haske mai yawa a ɗigo ɗaya, don haka ɗan abin da ya bauɗe ma sai ya fito fili. Wani malami ɗan Italiya, Francesco Grimaldi, shi ya fara bayyana lamarin a rubuce, a littafinsa da ya fito a 1665 bayan rasuwarsa, kuma daga sunan da ya raɗa masa aka samo kalmar difrakshan da ɗaliban fiziks suka sani.

3. Me ya sa suke fitowa a miƙe, kuma mene ne ke zaɓa musu inda za su fuskanta?

Wannan ƙa'idar ita ce mabuɗin duk sauran amsoshin: kowane miƙaƙƙen gefe yana baza haske a gicciye da kansa, hagu da dama. Sanda a tsaye tana ba da layi a kwance, sanda a kwance tana ba da layi a tsaye. Dalili shi ne haske yana bazuwa ta ɓangaren da aka datse shi, kuma sanda ba ta datse shi ta tsawonta, sai ta faɗinta. Layi ɗaya da ya ratsa tauraro ya ɓulla ta ɗaya gefen, ido zai ƙirga shi tsinke biyu. Gefuna biyu da suke layi ɗaya ko suke jere da juna kamar titin jirgin ƙasa, tsinkayensu kan hau kan juna su zama ɗaya.

Gefe mai zagaye kuwa yana fuskantar kowace kusurwa daidai wa daida, don haka maimakon tsinke sai ya ba da siraran zobba kewaye da ɗigon tauraron. George Airy, masanin taurari na Ingila, ya yi lissafin waɗannan zobban a 1835.

4. Me ya sa na Hubble huɗu ne?

Hubble, wadda aka harba ranar 24 ga Afrilun 1990, tana da babban madubi mai zagaye, faɗinsa mita 2.4. Shi ke tara haske ya mayar wa wani ƙaramin madubi da ke rataye a gabansa, ƙaramin kuma ya tura wa kyamarori. Ƙaramin madubi ba zai tsaya a iska ba, sanduna huɗu ke riƙe da shi a siffar alamar tarawa ta lissafi. Sanduna biyu a tsaye, biyu a kwance, wato layi biyu, tsinke huɗu bisa ƙa'idar amsa ta 3.

5. Na Webb fa? Wasu sun ce shida, wasu sun ce takwas.

Takwas ne: manya shida da ƙanana biyu. A ƙaramin allon waya ƙananan sukan ɓace, daga nan saɓanin ya taso. Wani dattijo a majalisarmu da ya ga hoton cewa ya yi, "Ai wannan anini ne," yana nufin tsohon kuɗin nan mai huji da tauraro mai kusurwa shida. Ya kama manyan daidai.

Babban madubin Webb faɗinsa mita 6.5 ne, kuma an haɗa shi ne da ƙananan madubai 18, kowanne mai gefe shida kamar saƙar zuma, na ƙarfen beriliyam da aka shafa wa zinariya. Siffa mai gefe shida, gefunanta biyu-biyu suke jere da juna, saboda haka fuska uku kawai suke kallo. Fuska uku, layi uku, tsinke shida. Kuma da yake duk madubai 18 a jere ɗaya suke, kowane gefe da kowace 'yar tazara tsakaninsu suna zuba haskensu a kan waɗannan layuka ukun ne, shi ya sa manyan tsinkayen suke da ƙarfi haka.

Sai sandunan da ke riƙe da ƙaramin madubi. Uku ne a Webb: ɗaya daga sama, biyu daga ƙasa a karkace. Su ma layi uku suke bayarwa. Nan injiniyoyin suka nuna gwaninta, kuma ina son ɗalibaina su lura da ita: sun karkata sandunan ƙasa biyun ta yadda tsinkayensu za su faɗa daidai kan na madubi su ɓuya a ciki. Sandar sama ce kaɗai ba ta da wurin ɓuya. Tana tsaye, don haka ta bar ɗan gajeren layi a kwance, kuma shi ne ƙananan tsinkaye biyun. Da an dasa sandunan yadda aka ga dama, da tsinke 12 za mu riƙa gani a kan kowane tauraro, hoto ya cika da tarkace.

6. Tunda an san haka, don me ba a yi madubin zagayayye ba?

Don ba zai shiga roka ba. An harba Webb ranar 25 ga Disambar 2021 daga Kuru, a yankin Giyana na Faransa, a kan rokar Ariane 5, wadda cikin hancinta bai kai faɗin mita 6.5 ba. Dole aka naɗe madubin: fikafikai biyu, kowanne da madubai uku, aka lanƙwasa su baya, sai a sararin sama aka buɗe. Siffa mai gefe shida tana jeruwa ba tare da barin giɓi ba, kuma jimillarta tana kusa da da'ira. Na'urorin Keck da ke tsibirin Hawayi ma haka aka yi su, da madubai 36 kowace.

Akwai hanyoyin kauce wa tsinkaye. Na'urar da ke amfani da gilashi zalla ba ta da sanda a gaba, sai dai gilashi mai faɗin mitoci ya yi nauyi, kuma ba a iya tallafe shi sai ta gefe. Ana iya lanƙwasa sandunan, sai hasken ya bazu ko'ina a hankali maimakon ya taru a layi, amma bai ɓace ba, ya zama ɗan hazo ne. A wajen masu bincike, sau da yawa gara tsinken da aka san inda yake da hazon da ya rufe ko'ina.

7. Ba alamar na'urar ta lalace ba ce? Na ji an ce dutse ya bugi madubin Webb.

Gaskiya ne wata 'yar ƙwayar ƙurar sama ta bugi ɗaya daga madubai 18 a watan Mayun 2022, ta bar ɗan tabo. Amma hoton gwaji da aka fitar a watan Maris na wannan shekarar, kafin bugun, yana ɗauke da tsinkayensa takwas cif. Hasali ma ganinsu sirara, a miƙe, shi ne abin da ya faranta wa injiniyoyi rai, don yana nuna madubai 18 sun daidaitu sun zama kamar guda. Wata ɗaya kafin nan, tauraro ɗaya sau 18 yake fitowa a hoto.

Lalacewa ta gaske kamanninta daban. An gano bayan harba Hubble cewa an goge gefen madubinta fiye da kima da ɗan abin da bai wuce kashi ɗaya cikin 50 na kaurin gashi ba. Sakamakon shi ne taurari suka riƙa fitowa cikin dishi-dishi, har sai da 'yan sama jannati suka je suka saka mata kayan gyara a watan Disambar 1993.

8. In daga na'ura ne, me ya sa wasu taurarin ke da su, wasu babu?

Duk suna da su. Sai dai kaso kaɗan ne na hasken tauraro ke tafiya cikin tsinkaye, mafi yawansa yana tsakiya. Tauraro mai haske sosai, ɗan kason nan ma ya isa a gan shi. Mai rauni kuwa, nasa yana nutsewa cikin duhun hoton. Kamar jiniyar babbar mota ce da ta keke: duka suna amsa kuwwa a jikin dutse, ta babbar ce kawai ke iso kunne.

9. Me ya sa duniyoyi irin su Jufita da Naftun ba su da tsinkaye, alhali suna da haske?

Saboda suna kusa, na'urar tana ganin faɗinsu. Tauraro yana da nisan da, duk girmansa, ɗigo ɗaya yake zama. Duniya kuwa faifai ce mai ɗigo dubbai, kowane ɗigo yana fitar da nasa tsinkayen, sai su hau kan juna su gauraye su zama wani ɗan haske mai laushi a kewayenta. Ɗauki hatimi ka buga sau ɗaya, za ka karanta rubutun. Buga shi sau dubu kana gusawa kaɗan-kaɗan, baƙin tawada kawai za ka samu.

Hoton Naftun da aka fitar a watan Satumbar 2022 ya fi kowane bayani. Ga duniyar da zobbanta, waɗanda ba a gan su sarai haka ba tun wucewar kumbon Voyager 2 a 1989, babu tsinke a jikinta. Can sama da ita kuma ga wani abu yana walƙiya da tsinkaye takwas, wanda kusan duk wanda na nuna wa ya ce tauraro ne. Wata ne, Tiraiton, babban watan Naftun. Faɗinsa kimanin kilomita 2,700 ne kawai, kuma daga nisan kilomita biliyan huɗu da rabi kusan ɗigo yake. Ƙanƙarar iskar naitirojin ta lulluɓe shi, tana mayar da kimanin kashi 70 cikin 100 na hasken ranar da ya faɗa mata. Ita kuwa Naftun, iskar misen da ke samanta tana shanye irin hasken da Webb ke kallo, sai ta fito da duhu. Ƙaramin wata ya dishe uwar ɗakinsa.

A hoton Jufita na watan Agustan 2022, wadda malamanmu na da ke kira Mushtari, an ga wani abu makamancin haka. Faifan duniyar ba shi da tsinke, amma hasken da ke ci a ƙuryar arewa da kudancinta, da yake siriri ne mai ƙarfi, ya fitar da nasa. Akwai kuma wani layi da ya shigo daga gefen hagu, na watanta Ayo ne, wanda shi kansa ba ya cikin hoton.

10. Tsawon tsinke yana nuna girman tauraro ko nisansa?

Ko ɗaya. Yana nuna yawan hasken da ya iso kyamara, da tsawon lokacin da aka bar ta a buɗe, da yadda aka ɗaga hasken hoton wajen gyara. Ƙaramin tauraro na kusa yana iya fin ƙato na nesa dogayen tsinkaye.

11. Ashe duk abin da ke da tsinke a hoton sama mai zurfi tauraro ne?

Galibi haka ne, kuma wannan ya sa tsinkayen suka zama abin amfani ga mai kallo. Ɗauki hoton Webb na farko mai cikakken launi da aka nuna wa duniya ranar 11 ga Yulin 2022, na wani yanki da faɗinsa bai wuce ƙwayar yashi da ka riƙe a ƙarshen miƙaƙƙen hannunka ba. Masu manyan tsinkaye a ciki taurarin gidanmu ne, na galaksinmu, da suka faɗo a kan hanya. Duk sauran, masu kama da ƙwai, da faifai, da lanƙwasassun zare, galaksi ne sukutum, kowanne birni ne na taurari masu ɗimbin yawa. Ba su da tsinke saboda dalilin da ke amsa ta 9. Ranar da na bayyana wannan a aji, sai da aka yi tsit na ɗan lokaci, don sun gane cewa abubuwan da suka fi ɗaukar ido a hoton su ne mafi kusa kuma mafi ƙanƙanta.

Akwai togaciya. Wasu galaksin suna da baƙin rami a tsakiyarsu, wato wurin da ƙarfin jansa ya kai ko haske ba ya kuɓuta, da ke haɗiyar gas, gas ɗin yana yin zafi yana haske daga wuri matsattse. Irin wannan cibiya ɗigo ce a idon na'ura, don haka tana yin tsinkaye. Hoton Webb na galaksin NGC 7469 misali ne: hannayen galaksin a murɗe, tsinkaye kuma suna fitowa daga tsakiyarsa.

12. Me ya sa tsinken yake da launi-launi, wani lokaci kamar jerin duwatsun wuya?

Doguwar igiya ta fi gajeriya karkata, don haka launuka ba sa faɗawa wuri ɗaya a kan tsinken. Dashi-dashin kuwa shi ne abin da muka gani a kududdufi a amsa ta 2: nan igiyoyi sun ƙarfafi juna, can sun kashe juna. A tuna kuma Webb tana kallo ne da hasken infared, irin wanda rimot ɗin talabijin ke fitarwa, wanda ido ba ya gani. Ana ɗaukar hoto ta matatai daban-daban, sai a ba gajeriyar igiya shuɗi, doguwa ja, a haɗa su. Tsari ne da ake bi, kuma ana bayyana shi a ƙarƙashin hotunan.

13. Ba za a iya goge su da kwamfuta ba?

Ana ragewa, amma ba kamar yadda mai gyaran hoton biki ke goge ƙurji a fuska ba. Masana sun san daidai yadda na'urarsu ke baza ɗigon haske guda, suna da taswirarsa, don haka suna iya lissafa tsinken su cire shi daga hoton. Abin da ba ya dawowa shi ne tsakiyar tauraro mai tsananin haske, inda kyamara ta cika ta batse. Nan babu bayanin da za a ceto, in an cike gurbin to zane aka yi. A ganina barin tsinkayen a hotunan da ake nuna wa jama'a shi ne daidai, don gara a nuna abin da na'ura ta gani da abin da wani ya zata.

In abin da ake nema ya faɗa ƙarƙashin tsinke, akwai dabara mai sauƙi: tsinkayen a jikin na'ura suke, in ta juya sai su juya tare da ita, sama kuma tana nan yadda take. Sai dai Webb ba ta juyawa yadda take so, don dole rumfarta mai shimfiɗa biyar, mai faɗin filin wasan tanis, ta ci gaba da kare ta daga rana. 'Yan digiri kaɗan kawai take karkatawa. Don babban juyi sai a jira makonni ko watanni, tafiyarta kewaye da rana ta sauya mata fuska.

14. Na ga hoton Webb mai tsinke fiye da takwas. Ƙarya ce?

Ba lallai ba. In an ɗauki wuri ɗaya a lokuta biyu, na'ura na fuskantar kusurwa daban (duba amsa ta 13), aka haɗa hotunan, tauraro zai fito da jeri biyu na tsinkaye. Haka ma in an haɗa na Hubble da na Webb, za ka ga huɗu da takwas a kan tauraro ɗaya.

15. Yaya ake ganin duniyar da ke kewaya wani tauraro, alhali tsinkaye sun rufe wurin?

Nan ne tsinkayen suka fi zama matsala. Neman duniya kusa da tauraronta kamar neman hasken taba sigari ne a gefen fitilar tirela. Maganin shi ne korona-giraf, wadda Bernard Lyot na Faransa ya ƙirƙira a farkon shekarun 1930 don kallon gefen rana. Wani ɗan faifai ne ke toshe tsakiyar tauraron, sannan wani murfi na biyu da aka yanka daidai siffar madubi da sandunansa ya tare hasken da ya karkata a gefuna. Abin da ya rage sai a cire da lissafi, ta hanyar ɗaukar wani tauraro makamancinsa a matsayin ma'auni.

Da haka Webb ta ɗauki duniyar HIP 65426 b, hoton da aka fitar a farkon Satumbar 2022. Ta ninka Jufita nauyi sau da dama, tana nesa da tauraronta kusan ninki 100 na nisanmu da rana, kuma tauraron ya fi ta haske fiye da sau 10,000 a gajeren infared. Wannan mai sauƙi ce. Duniya irin tamu, a hasken da ido ke gani, tauraronta zai fi ta kimanin sau biliyan 10.

16. Yaya zan bambance hoton gaske da na bogi, ko abin da ke sama da abin da na'ura ta ƙara?

Fara da tsinkayen. A ɗauka ɗaya, duk taurari yawan tsinkensu ɗaya ne, kuma fuska ɗaya suke kallo. In ka ga wannan da huɗu, wancan da biyar, ko kowanne ya karkata gabansa, to hannu ko manhaja ta taɓa shi. In an ce na Webb ne amma tsinke huɗu gare shi, an yi kuskuren suna. Na'urar Euclid ta Turai, da aka harba a watan Yulin 2023, shida take bayarwa. In kuma an nuna maka tauraro a matsayin ƙaton faifai mai zane-zane a jiki aka ce Webb ce ta ɗauka, kada ka tura wa kowa (amsa ta 9 ta faɗi dalili).

Kada kuma a wuce gona da iri a ce duk abin mamaki na'ura ce ta ƙirƙira. Hoton WR 140 yana da tsinkaye, yana kuma da zobba aƙalla 17 a jere kamar na cikin albasa. Mutane da yawa sun ɗauka zobban ma na difrakshan ne. Na gaske ne. Taurari biyu ne da ke kusantar juna duk bayan kimanin shekara takwas, iskarsu ta yi karo, ƙura ta samu ta bazu waje. Hanyar ganewa ita ce: abin da na'ura ta haifa zai bayyana a kan kowane tauraro mai haske, wanda ke sama kuwa a wuri ɗaya kawai yake.

17. Ni da idona ma ina ganin tsinkaye a jikin Zara da fitilun mota. Ina na'ura a nan?

Idon ne na'urar. Gilashin da ke cikin ido yana da siraran layukan haɗi, bakin ɗan baƙin ido ba cikakkiyar da'ira ba ce, ga gashin ido, ga hawaye. Kowanne yana baza haske. Gwada: kalli Zara matar wata da magariba, ko Gamzaki da asuba, ka karkata kanka. Tsinkayen za su bi kanka. Ana jin wannan na cikin dalilan da ya sa mutane a ko'ina ke zana tauraro da kusurwoyi. Ƙiftawar taurari kuwa wani abu ne daban, motsin iskar samanmu ne ke kawo ta, shi ya sa Hubble da Webb ba su san ta ba.

Ga direbobinmu masu bin hanyar Akwanga ko ta Bauchi da dare, ina roƙo: in tsinkaye da hazon fitilun mota sun ƙaru maka fiye da yadda ka saba, musamman a ido ɗaya, je asibitin ido. Yana iya zama buƙatar tabarau, yana iya zama farkon yanar ido.

18. Malam, akwai gwajin da za mu yi a gida?

Akwai, kuma ba ya cin ko kwabo. Da dare, nemi fitila ƙarama mai nisa, kamar ta sola a ƙarshen layi. Wata ɗalibata 'yar aji biyar ta ɗaga bakin gyalenta, siririn nan mai shara-shara, ta miƙe shi a gaban ido ɗaya ta rufe ɗayan. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, ta zama huɗu, irin ta Hubble." Na ce ta juya gyalen a hankali. Ta juya, tsinkayen suka bi. Zaren tsaye da na kwance su ne sandunanta. Rariyar tankaɗe mai laushi ma tana yi.

Da waya kuma: dangwali ɗan man shafawa, ka shafi gilashin kyamara sau ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ka ɗauki fitilar. Layi zai fito a kwance. Shafa daga hagu zuwa dama, ya koma tsaye. Abin da ke faruwa ke nan a gilashin Keke Napep da aka goge da tsumma. Masu babbar kyamara su ƙanƙance ƙofar haske su ƙirga: ganyayen ƙofar in shida ne, tsinke shida, in bakwai ne, 14, don a adadin mara babu gefen da ke jere da wani. Wanda ke da tabaron hange mai ido biyu ya yanka kwali da rami mai gefe shida, ya ɗaura a bakin ido ɗaya, ya gitta tsinken tsintsiya a tsaye daga tsakiyar gefen sama zuwa na ƙasa, ya kalli tauraro mai haske. Duk wannan da dare ne. Kada a kuskura a kalli rana da kowane irin gilashi.

19. In na sami ƙaramar na'urar hangen nesa a nan Jos, zan ga tsinkayen? Yaushe ya fi?

In mai madubi ce, irin wadda Isaac Newton ya fara haɗawa a 1668, leƙa bakinta ka ƙirga sandunan: huɗu za su ba ka tsinke huɗu, uku su ba ka shida. In mai gilashi ce zalla, ɗigo da zobba za ka gani. Tauraron da ya fi dacewa da gwaji shi ne Shi'ira, wanda aka ambata a Suratun Najmi, mafi haske a daren duniya, mai nisan tafiyar haske ta shekara 8.6. Daga Disamba zuwa Afrilu ana samunsa tun farkon dare, a watannin farko ta kudu maso gabas.

Jos tana da tagomashi, don tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma kusancinmu da tsakiyar duniya ya sa muna ganin saman arewa da na kudu. Lokacin da na fi so shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, sama ta wanku, ƙurar hunturu ba ta kankama ba. A lokacin Kaza da 'Ya'yanta na fitowa da wuri, Shi'ira kuma sai dare ya yi nisa. In hazo ya sauka, taurari kan yi rawani mai dishi-dishi, tsinkayen su gajarce. A fita bayan gari inda fitilu suka yi ƙaranci, a tafi cikin jama'a da sanin mutanen wurin, a ɗauki rigar sanyi mai kauri. A bar na'urar a waje kamar rabin awa ta ɗauki sanyin wurin kafin a fara kallo. Ƙurar da ta kwanta a madubi kuma a hure ta da 'yar robar hura iska, kada a sa mata hankici, don kowane ƙarce da ya bari sabon tsinke ne da zai zauna a kan kowane tauraro.